Alhamis Ɗin Mista Dembski

Shekara goma sha bakwai ina aiki a gidan kula da tsofaffi na unguwarmu a New Jersey, kuma da Oktoba ta kama na san abin da zai biyo baya. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare za su cika mana falo, kowa da takarda a hannu, wai sun zo taimakon tsofaffi. Taimakon banza! Jami'a suke nema. An gaya musu maki kaɗai ba ya shigar da yaro babbar jami'a, sai an ga yana da kishin wani abu, shi ne suke zuwa aron kakannin mutane su yi hoto da su.

Delaney Pruitt ta fi su duka iya shege. Ita ce shugabar ƙungiyar muhawara, tana iyo, tana kaɗa goge, tana rubutu a jaridar makaranta, har da wata ƙungiyar ceton ƙudan zuma, yarinyar da ko ƙuda ne ya sauka mata a hannu sai ta ƙwala ihu. Bara ta ƙaro ta shida, ta raɗa mata suna Hannun Jikoki, ta naɗa kanta shugaba. Su uku ne a ciki: ita, ƙawarta, da uwarta mai tuƙa su.

Na haɗa ta da Mista Dembski, tsohon direban jirgin ƙasa, ba ɗa ba jika, ba abin da yake so a duniya irin karta. Sau huɗu ta zo. Daga nan sai uzuri, yau gasar iyo, gobe gwajin kiɗa, jibi ko uzurin ma babu. Shi kuwa bawan Allah, duk Alhamis ƙarfe uku sai ya sa a taje masa kai, ya jera karta a tebur, ya ɓoye mata biskit daga abincin ranarsa.

"Loretta, yarinyata ta iso?"

"Makaranta ce ta riƙe ta, Mista Dembski."

Ƙaryar da na yi ta shirga masa kenan har ya rasu a watan Maris. Na aika saƙo ga adireshin ƙungiyar, ba wanda ya amsa. Ni da wani mai shara muka je jana'izar.

Kwatsam, saura kwana uku a rufe karɓar takardun zagayen farko na neman gurbi a jami'a, sai ga Delaney da uwarta a ofishina. Misis Pruitt ta zauna tun kafin a ce ta zauna, ta dire min kofin gahawa kamar ta zo wurin ƙanwarta.

"Loretta, 'yar uwa, ke kaɗai kika rage mana. Malamai sun rubuta nasu, amma jami'ar nan tana son shaidar wani daga wajen makaranta. Tun yarinyar nan tana shekara tara take mafarkin wurin. Delaney, karanta mata rubutun da kika yi wa jami'ar a kanki."

Yarinyar ta buɗe kwamfuta ta gyara murya. Wallahi rubutun ya tsaru, ka san hannun ƙwararre ya bi ta kai. Wai Mista Dembski ya koya mata haƙuri. Wai hannunsa na rawa amma idonsa ba ya rawa. "Har yau," in ji ta, "duk Alhamis, komai yawan abin da ke gabana, nakan ajiye duniya in zauna da shi."

"Wace Alhamis?" na ce.

Delaney ta ce, "Mis Loretta, ai kin san yadda karatu yake. Bari ma in leƙa in gaishe shi, mu yi hoto ɗaya sabo."

"Wata tsohuwa ce a ɗakinsa yanzu. Watansa bakwai a ƙasa."

 Idonta ya ciko, ta ce, "Ban sani ba." Ba zan ɓoye ba, a wannan lokacin na ji tausayinta. Yarinya ce da aka ɗora wa kaya shida, ko barci ba ta samu.

Sai uwar ta yi ajiyar zuciya. "Wayyo, Allah ya jiƙansa." Ta dafa gwiwar 'yarta. "Amma kin ga, ƙarshen rubutun nan dama wanda ya gyara mana shi ya ce ba shi da nauyi. Yanzu ai ya samu. Rashi ne fa, Delaney, naki na kanki."

Na zuba wa yarinyar ido, ina jira ta ce wa uwarta ta ji kunya. Ta share hawaye da bayan hannu, ta ja kwamfutar kusa.

"Mis Loretta, ran nawa ne ga Maris ɗin?"

Nan tausayin ya tsaya. Na gaya mata ranar, ta rubuta.

Da za su tashi, Misis Pruitt ta ce an turo min wurin da zan rubuta wasiƙar shaidar in aika kai tsaye. "Mun ma sa hannu cewa mun yafe ganin abin da kika rubuta. Jami'a ta fi yarda da wasiƙar da ɗalibi bai gani ba, kowa ya san wannan."

"Ba za ku gani ba kenan?"

"Har abada," ta ce, tana murmushin wadda ta iya dabara.

Ko motarsu ba ta bar harabar ba na zauna. Ban ƙara komai ba, ban zagi kowa ba. Na rubuta cewa Delaney Pruitt ta zo gidanmu sau huɗu, cewa mutumin da take ba da labarinsa ya jira ta duk Alhamis har ya mutu, kuma yau ta ji labarin mutuwarsa, daga bakina. Layi uku. Na aika.

Tsakiyar Disamba Misis Pruitt ta bugo min waya, murya a dushe. Jami'ar ta ƙi Delaney. Yarinyar kwana biyu ba ta fito daga ɗaki ba, kuma sun rasa inda aka kuskure.

"Amma ba mu karaya ba, Loretta. Akwai wasu tara da za mu nema kafin Janairu. Don Allah, wasiƙar nan taki, ki yarda a tura musu ita duka."

"Duka taran?"

"In ba takura."

"Haba, Misis Pruitt," na ce, "wace irin takura? A tura."