Rawar Sitiyari

Tayar ta gama juyawa a kan injin balansin ta tsaya. Allon ya nuna sifili a hagu, sifili a dama, alamar babu abin gyara. Mai Faci ya saci kallon Baba Direba da ke zaune a benci yana jiran hukunci, sai ya gyara tsayuwa ya kare allon da bayansa.

"Yaya, ka gano ta?" in ji Baba.

"Na gano ta, Baba. Kaɗan ce ta kauce."

Ya ɗauki filaya ya cire 'yar dalmar daidaita nauyi da ke maƙale a bakin wilin, ya jujjuya ta a tafin hannu kamar mai nazari, sannan ya mayar da ita daidai inda ya ciro ta. Ya buga mata guduma da ƙarfi don tsohon ya ji. Ba yau ya fara wannan aikin ba, har dalmar ta soma lanƙwasa saboda cirewa da mayarwa.

Katanga ɗaya ce tsakanin shagon da gidan Baba. Mai Faci a ɗakin bayan shago yake kwana tun da matarsa ta kwashe yara ta koma wajen iyayenta, aka yi biko har aka gaji. Masu kawo mota kuwa ba sa zama. A tsaye suke, waya a kunne, da an ɗaure noti sun yi gaba. Baba kaɗai ne mai zuwa ya baje a benci, ya cire takalmi, ya ci gyaran yadda ake riƙe sifana, ya ba da labarin manyan motocin da ya tuƙa har ya yi ritaya ba tare da ya taɓa buge ko akuya ba. Labarin duk Mai Faci ya haddace, amma ranar da Baba bai zo ba shagon ba ya yi masa daɗi.

Tayoyin nan bara aka sa su. Baba ne ya zo da sassafe ya ce yana son manyan tayoyin daji a tsohuwar a-kori-kurarsa, masu haƙora zara-zara. Mai Faci ya yi masa bayani har bakinsa ya bushe. Ya ce motar da kullum daga kasuwa sai kantin magani, matsakaita ne daidai da ita, waɗanda ke cin kwalta su kuma ci turɓaya. Ya ce manyan nan za su yi ta kuka a titi, su sha mai, su riƙa gugar madigadi in an karya kwana, ga wuyar balansin don nauyinsu ba ya zama wuri ɗaya. Baba ya saurara tsaf, sannan ya nuna waɗanda suka fi kowanne girma a shagon. Akwai gonar da shi da marigayiya matarsa suka dasa wa mangwaro, can bayan wani kwari mai laka, rabonsa da ita tun rasuwarta. Ya ce so yake ya je da kansa ya ga ko itatuwan sun rayu.

Aka sa tayoyi, aka ɗan datse madigadi, aka yi balansin. Motar ta tashi sama, har sai da aka ajiye wa Baba bulo a ƙofar gida don takawa. Kwana biyu sai ga shi ya dawo, wai sitiyari na rawa. Shi kuwa direba ne na gaske, ya ce ba zai hau doguwar hanya da mota mai rawa ba.

Da farko Mai Faci ya ɗauka laifinsa ne. Ya sauke tayoyin, ya juya su a kan wili, ya mayar da na gaba baya, ya duba ko wani wilin ya lotsa. Da abin ya ishe shi ya karɓi makulli ya hau titi da kansa, ya taka ta sosai. Sitiyari ko gezau. Ya dawo yana shirin faɗa wa Baba haka, sai ya tarar da shi riƙe da kofin shayi da hannu biyu, shayin yana fantsama a kan rigarsa. Sai ya fasa faɗa.

Ya san in ya faɗa, Baba zai ajiye makulli a ranar, don ba mutumin da zai tuƙa mota da hannu mai karkarwa ba ne. In kuwa ya ajiye makulli, gonar ta tafi, kasuwa ta tafi, zaman benci ma ya tafi. Mai Faci yana gaya wa kansa tausayin tsohon ne ya hana shi magana. Hakan gaskiya ne, amma har da tsoron komawa cin abinci shi kaɗai a cikin tayoyi.

Auta, 'yar Baba da ke aure a wata unguwa, takan zo ƙarshen mako ta share gida ta yi wanki. Wata rana ta leƙo shago ta tambaye shi wai wace irin taya ce wannan da ba ta jin gyara. Ya ce mata ai manyan tayoyi haka suke, sai ana lallaɓa su. Ta daɗe tana kallonsa, ta ce Allah ya saka da alheri, ta koma.

To a ranar da muke magana, bayan ya gama buga gudumarsa, ya gangaro da tayar zai ɗaura, sai Baba ya ce ya bar ta tukuna ya zo ya zauna.

"Shekarun da na yi ina kallon masu balansin sun fi naka a duniya," in ji Baba. "Ka cire dalma ka mayar inda take, kana tsammanin ban gani ba?"

Mai Faci ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma.

Baba ya miƙa hannayensa biyu a gabansa. Suna ta karkarwa, ba su da niyyar tsayawa. "Ga wilin da ya lotsa nan. Tun bara na sani. Cewa na yi bari in ga wanda zai fara gajiya, ni ko kai." Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ciro makullin daga aljihu ya ɗora a benci. "Kai za ka kai ni gonar. Ni in zauna a gefe kamar amarya."

Mai Faci ya ce to. Ya ce bari ya sallami motocin da ke jira, a shiga sabon mako, sai su kama hanya da sanyin safiya. Baba ya ce babu gaggawa, mangwaro ba ya gudu.

Sabon makon bai sami Baba a tsaye ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ƙirji ya riƙe, Auta ta dawo gidan da zama. Mai Faci yakan shiga bayan ya rufe shago, ya same shi a ƙaramin ɗakin da tagarsa ke kallon motar. Ran nan Baba ya buɗe ido ya tambaye shi ko yana duba iskar tayoyin, don mota in ta daɗe a tsaye taya na kwanciya. Ya ce yana dubawa. Ita ce maganarsu ta ƙarshe. Washegari da hantsi yana tsakiyar cire ƙusa daga tayar wani mai tasi, ya ji kukan Auta ta bayan katanga. Ya ajiye filayar a ƙasa, ya ce wa mai tasin ya yi haƙuri ya nemi wani shagon.

Da masu ta'aziyya suka watse, gida ya yi shiru, Auta ta zo ta tsaya a bakin shago. Ta ce yayyenta sun ce a sayar da motar. Mai Faci ya tsuguna kusa da tayar gaba. Har yanzu 'yan gashin robar nan na sabuwar taya suna nan a gefen haƙoran, ko sau ɗaya ba su taɓa laka ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya rasa inda zai sa kansa.

"Ki ba ni aronta gobe," ya ce. "Akwai inda zan kai ta."

"Kawu, ai kai ya bar wa makullin," in ji ta.

Da safe ya rufe shago ya kama hanya. Tayoyin suka yi ta kukansu a kwalta kamar yadda ya faɗa tun farko. Da ya sauka turɓaya suka yi shiru, suka shiga kwarin nan mai laka suka fita ba tare da ko tangaɗi ba. Baba ya iya zaɓe, ya ce a ransa. Gonar duk ciyawa ta cinye ta. Wasu itatuwan sun bushe, amma mafi yawa suna nan, sun fi tsayin ɗaki. Ya zagaya su ɗaya bayan ɗaya, ya tsinko 'yan ɗanyu ya zuba a kujerar gefe, ya ɗan zauna a inuwa. Babu wanda zai ba labarin abin da ya gani.

A hanyar dawowa, da ya hau kwalta ya ƙara wuta, sai sitiyarin ya fara rawa. Ya san dalili, lakar kwarin ce ta cushe a cikin wili ta ɓata nauyin. Aikin ɗan lokaci ne, a tsaya gefen titi a ƙwaƙule da sanda. Ya sa sigina, ya rage gudu, sai kuma ya kashe siginar.

Ya ci gaba da tafiya a haka, hannayensa biyu a kan sitiyari suna karkarwa, 'yan mangwaron suna gangarawa a kujerar da babu kowa.