Dutsen Gugana a Kan Jitar Baba

"Ɗaga shi, Tela. Minti biyar kacal."

"Ba zan ɗaga ba, Baba."

Ya harare ni daga kan gado, numfashinsa na fita da ƙyar. A kan teburin da ke gindin taga jitar na kwance rigingine, dutsen gugana na gawayi a kan cikinta, da tsumma a tsakani. Ran Litinin ke nan, kwana na huɗu.

Baba Gaggawa muke ce masa a layinmu. Shekara talatin yana tuƙin bas, kuma har ya ajiye aiki bai koyi jira ba. Shayi ma a tsaye yake sha, yana ƙona harshe yana zagin kofin. Ƙofarsa na kallon shagon ɗinkina. Watan da likita ya ce zuciyarsa ta gaji, maimakon ya nemi wuri ya kwanta, sai ga shi daga kasuwar 'yan gwanjo rungume da wata tsohuwar jita, baya a tsage, tsirkiya biyu duk tsatsa, kyankyasai sun yi gari a ciki.

'Yarsa ta ce, "Baba, itacen girki ka sayo mana?"

Ya ce, "Irinta na kaɗa ina saurayi, kafin sitiyari ya cinye min yatsu. Sai na ji muryarta zan tafi."

Sati uku yana kankara, yana liƙi, yana shafa mai, har katakon ya fito ja yana sheƙi. Saura jaki, wato ɗan katakon da ke riƙe tsirkiyoyi a kan cikin jitar. Ya sa masa gam da safe, kafin la'asar ya ɗaura tsirkiya ya hau ja. Daga shagona na ji ƙarar. Jakin ya ɓalle, ya fasa masa gira, ya tafi da ɓallin katako.

Kafintan layinmu ya duba ya girgiza kai. "Wurin ya yi siriri, Baba. In ya sake ɓallewa da fuskar jitar zai tafi, babu sauran gyara. A sake sa gam, a danne shi kwana bakwai, kada a taɓa."

Ranar Baba ya tsallako shagona ya ɗauke min dutse ko sallama babu. "Duk layin nan babu mai taurin kanki," in ji shi. "Ko na yi kuka, ko na zage ki, kada ki ɗaga sai Alhamis. Yi min alkawari." Na yi, ina dariya. Ran Asabar ciwo ya kayar da shi.

Tun daga nan zama ya gagare ni. In hau keken ɗinki, in sauka, in leƙa tagarsa, in dawo. Na ɗinka wa wata hannun riga a baibai har sau biyu. Masu kaya na ƙorafin ba a goge ba, ni kuwa kunnena na can tsallaken titi yana ƙirga tarinsa.

Ran Talata bai zage ni ba, abin da ya fi tayar min da hankali ke nan. A hankali ya ce, "'Yata, wanda ya sa ki alkawarin nan yana ganin yana da kwanaki. Ni ba ni da su."

Na ruga wurin kafinta. Bai ko ajiye zarto ba. "Zai iya kamawa, zai iya ƙi. Ni dai bakwai na ce."

Na dawo na ɗora hannu a kan mariƙin dutsen. 'Yarsa na tsaye a bakin ƙofa tana kallona. Tsoro ne ya kama ni, ba na ɓoyewa, tsoron in sake jin ƙarar nan yana kallo, ya tafi da ita a kunne. Na janye hannuna.

"Jibi ne fa, Baba. Kamar yau ne."

Ya yi 'yar dariya har ta zame masa tari. "Mai taurin kai na nema. Ga shi na samu."

Ran Laraba da hantsi ina kan keke na ji kukan 'yarsa. Ƙafata ta ci gaba da takawa ita kaɗai har zaren ya tsinke.

Ran Alhamis kafinta ya zo da kansa ya ɗaga dutsen. Ya tura jakin da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya sake turawa da ƙarfi. "Ya kama. Kamar da shi aka haife ta."

Na ce, "Tun yaushe?"

"A zafin nan, gam ba ya daɗewa..." Ya dube ni, sai ya haɗiye sauran.

Na cika alkawari, kuma har yau haushin kaina nake ji. 'Yarsa ta ce in bar zancen, ta juya tana kaɗe shimfiɗar gadon. Da ta ɗaga matashin kai sai ta tsaya. Sababbin tsirkiyoyi shida ne a ƙasa, ya fitar da su daga takardunsu, ya warware, ya jera su daga siririya zuwa mai kauri. Ta kwaso su a yadda suke ta shimfiɗa a kan cikin jitar, daidai inda dutsen ya bar shatinsa.