Huluna Biyu a Jakar Mama

Mama na tsaye a ƙofar coci mota ta biyu ta iso, ta yi wuf ta tare hanya tun samarin ba su gama sauka ba. Mijinta, kafintan da ya ƙera kowane benci a cocin nan, yana kwance cikin akwati a gaban bagade. Ita kuwa ko zama ba ta samu ta yi ba, balle kuka.

Babban ɗanta, wanda kowa ke kira Babba, shi ya fara zuwa da tawagarsa, kowa sanye da shuɗiyar hular jam'iyyar da ta ci zaɓe. Yanzu ga Auta da nasa mutanen cikin hula rawaya. Tun ranar da aka faɗi sakamako, aka farfasa gilashin shagon Auta, shi kuma ya tsaya a bainar jama'a ya kira yayansa ɓarawon ƙuri'a, ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba. Jinyar uban ma raba ta suka yi, wannan safe wancan yamma. Cutar har ta kama coci: masu shuɗi a dama, masu rawaya a hagu, Fasto yana wa'azi yana juya wuya kamar mai kallon ƙwallo.

"Mama, ga yadi jam'iyya ta aiko a rufa wa akwatin," in ji Babba.

"Mu ma mun zo da namu," Auta ya ce, idonsa na kan katanga. "Baba ai namu ne."

"Naku? A gidan wa?" wani cikin masu shuɗi ya yi tsawa. Nan take samarin suka fara matsowa, ana nuna juna da yatsa.

Mama ba ta ɗaga murya ba. "Babanku bai taɓa gaya mini wanda ya zaɓa ba, ni da nake wanke masa kaya. Akwai farin ƙyallen da ake rufa wa kowane ɗan cocin nan, shi za a rufa masa. Ku mai da yadinku mota." Sai ta miƙa hannu biyu. "Ba a shiga ɗakin Ubangiji da hula. Ku ba ni."

Babba ya cire tasa. Auta ma ya cire. Ta haɗa hulunan biyu ta cusa a jaka ta ja zif. Ganin haka sauran samarin suka tuɓe nasu suna tura su aljihu. Da kawunan suka fito fili, sai ga su yaran unguwa ne kawai, rabinsu ma ita ta koya musu waƙa suna ƙanana.

Bayan sujada, dattijon da ke shirya masu ɗaukar akwati ya fito. Aikinsa ne ya haɗa maza baya da baya ya gwada kafaɗunsu, don a jera masu tsawo ɗaya a gefe da gefe. Yau sai ya so yin dabara. Ya sa Babba a gaba tare da wani gajeren ɗan jam'iyyarsu, ya tura Auta can baya. Ana ɗagawa akwatin ya karkace, har farin ƙyallen ya fara zamewa.

"Ku sauke shi," in ji Mama.

Aka sauke shi.

"Haba, Baba Dattijo! Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara ƙafar benci don kada ya yi rawa, shi za ku fitar a karkace? Gwada su yadda ka saba."

"Mama, gudun fitina nake yi," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ni na haife su, na san tsawonsu. Wanda muke bi ya yafe wa masu buga masa ƙusa, su kuwa a kan takardar ƙuri'a za su kasa haɗa kafaɗa? Gwada su."

Dattijo ya kamo hannun Babba, ya kamo na Auta, ya juya su baya da baya. Suka tsaya ƙiƙam, kowa ya sha mur. Ya ɗora tafin hannunsa a kan kafaɗun biyu, ya kwanta daidai. Wata tsohuwa a bencin gaba ta ce, "To, Allah dai bai tambayi jam'iyya ba da ya auna su." Dariya ta kuɓuce wa mutane, har da masu hawaye.

Aka sake ɗagawa, akwatin ya miƙe sak. A bakin ƙofa akwai matakalar da ta ɗan fashe, ƙafar Auta ta goce.

"Bi a hankali, yaro," Babba ya ce. "Na riƙe."

Mama ta ji da kunnenta. A nan ne kukan da ta danne tun safe ya zo mata, ta kuwa yi shi son ranta, ba ta ɓoye fuska ba.

A makabarta rana ta buɗe sosai. Da aka gama rufe kabari, su biyun suka zo wurinta, gumi na zuba daga kawunansu.

"Mama, hular," in ji Babba.

"Na aika da jakar gida. Tana ɗakin babanku, a kan gadonsa. Mai so ya je ya ɗauka da kansa, amma ba mai fita sai ya ci abinci."

Ta wuce abinta cikin matan coci. Su biyun suka tsaya suna kallon sabuwar ƙasar kabarin. Motar su Auta ta riga ta tafi da mutanensa.

Babba ya laluba aljihu ya fito da makulli. "Ka zo da mota?"

"A'a."

"To, shigo gaba."