Gada a Kan Kogin Kawu

A kamfanin, Kunne ake ce mata, kuma ba tsokana ba ce, aikinta ke nan. Kamfanin na da wasan intanet guda ɗaya, irin wanda dubban mutane ke shiga duniya ɗaya a lokaci ɗaya, wannan ya zama jarumi, wancan maƙeri, wani ɓarawon dawaki. Duk wanda ransa ya ɓaci a cikin wannan duniya sai ya rubuto, ita kuma ta karanta. Ranar Litinin takan matse ƙorafi dubu shida ya koma shafi ɗaya. Manaja ya ce shafi ya yi yawa, ta mai da shi rabi. Daga baya ya ce shi mutum ne mai uzuri, ta riƙa kawo masa launi kawai: kore in jama'a na murna, ja in suna zagi. A bangon ɗakin taro kuwa an rubuta KUN FAƊA, MUN JI da manyan haruffa, har da fitila a ƙasa don kada wani ya ce bai gani ba.

Kawunta, wanda ya raine ta tun rasuwar mahaifiyarta, ya yi kanikanci shekara talatin da ɗoriya, har ciwon gaɓoɓi ya lanƙwashe masa yatsu ya ajiye sifana. Ita ta koya masa wasan don ya rage zaman shiru. Ta zaci zai ɗauki takobi kamar kowa. Ina! Kawu ya zaga duniyar kaf, ya tarar da wani ƙaton kogi da ya raba gari da dajin dodanni, ya ga kwale-kwale ba mai shi, ya shiga ya zauna. Shekara huɗu ke nan shi ne mai fito. Tuƙin maɓalli biyu kawai yake buƙata, daidai abin da yatsunsa za su iya. Minti huɗu ake yi kafin a haye, kuma a cikin minti huɗun nan babu abin yi sai hira. Sai ka ji jarumi da sulke har wuya yana cewa, "Baba mai fito, motata na tari da safe." Kawu ya ce ya kwaikwayi tarin, jarumi ya kwaikwaya, kafin a kai gaɓa an gano cutar.

Matsalar ta faro ne ranar da masu lissafin kamfani suka gano cewa akwai minti huɗu da 'yan wasa ba sa danna komai. Na'urarsu dannawa take ƙirgawa, ba ta san hira ba. Suka sa wa wurin suna mataccen lokaci, Manaja ya buga tebur ya ce a yi gada.

Amma da yake kamfani ne mai sauraro, sai aka fara neman ra'ayin jama'a. Tambayar ita ce: wace gada kuka fi so, ta dutse ko ta katako? Mutum dubu tara suka tsallake zaɓin, suka gangara wurin ƙarin bayani suka rubuta cewa ba sa son gada, a bar musu kwale-kwalensu. Kunne ta kai launi ja wur. Manaja ya duba, baki har kunne.

"Dubu tara! Kin ga yadda maganar gadar nan ta shiga ransu? Ba mu taɓa samun irin wannan ba."

"Ranka ya daɗe, cewa suke ba sa so."

"Wanda ba ya son abu ai ba ya ɓata lokacinsa yana rubutu a kansa," in ji Manaja, ya ci gaba da latsa wayarsa.

Kawu bai yarda da ƙorafin cikin na'ura ba. A wurinsa magana mai nauyi a takarda ake yin ta. Kwana uku ya yi yana fama da biro, yana ajiyewa yana murza yatsu, har ya cika shafi uku. Da safe, tana tsaye tana kurɓar shayi da jaka a kafaɗa, ya miƙa mata.

"Ki karanta da kyau, 'yar nan, kafin ki kai musu."

"To, Kawu. Na makara."

Ta yi niyyar karantawa a mota, aka kira ta a waya. Sai a ɗakin taro ta buɗe, inda ba a saba ganin takardar hannu ba. Wanda yake karanta saƙo dubu shida a mako yakan koyi wata dabara: ya ɗauki farko, ya ɗauki ƙarshe, tsakiya kuwa Allah ya ba da lada. Haka ta yi wa kawunta. Ta karanta musu shafin farko, labarin kogi da fasinjoji da motoci masu tari, ta juye na biyu da ta ga rubutun ya cukurkuɗe, ta dire a kan roƙon da ke ƙarshe, na kada a raba shi da kogin.

Manaja ya cire tabarau ya goge ido. Ya miƙo hannu ya karɓi takardar kamar wanda aka ba jariri.

"Wannan shi ne dalilin da ya sa muke wannan aiki," ya ce. "Ki je ki gaya wa kawunki, ni na ce, ba zai taɓa barin bakin kogin nan ba." Ya juya ya miƙa wa mai zanen kamfani takardar, ya raɗa masa wani abu.

Ranar nan Kunne ta dawo gida da wuri, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Kawu ya sa ta maimaita maganar Manaja sau uku. Daɗi ya kashe shi. Mako biyu duk wanda ya shiga kwale-kwale sai ya ji cewa 'yarsa ta tsaya a gaban manya ta ƙwato kogi. Ita ma ta yarda haka ne, don a kamfanin nan kowa ya san abin da ake ginawa ban da ita. Aikinta ta ji na waje, ba wanda ya ga dalilin gaya mata na ciki.

Ranar Asabar da hantsi aka saki sabon fasalin wasan. Kawu ya yi wanka ya sa riga mai guga, sai ka ce fasinjojin za su gan shi, ya jawo mata kujera kusa da tasa. Allo ya buɗe da ƙaton rubutu: KUN FAƊA, MUN JI.

Gada ce ta dutse, mai faɗin da dawaki shida za su jera. Jarumai na ta sheƙa gudu a kanta, ba mai kallon wani. Kawu ya gangara da mutuminsa na cikin wasan bakin ruwa, ya danna maɓallansa biyu, babu abin da ya motsa. An ja kwale-kwalen kan tudu an kafe shi, an dasa furanni a ciki. Wani saƙo ya faɗo yana taya shi murna: kamfani ya ba shi kyautar hula mai gashin tsuntsu, ta girmamawa.

A gefen kwale-kwalen kuma ga wani tsoho a tsaye, na'ura ce ke motsa shi. Kamarsa ɗaya da mutumin Kawu, har yatsun an lanƙwashe masa, don mai zanen ba ya aikin ha'inci. Mutane sun yi layi a gabansa, saboda an sanar cewa duk wanda ya taɓa shi ya saurara zai samu maki goma. Wata mayaƙiya mai gatari ta taɓa shi. Tsohon ya ɗaga kai, ya yi magana da wata murya mai ban tausayi da aka ɗauko haya:

"Tun da hannuwana suka mutu, ba wanda yake jirana sai a bakin kogin nan. 'Yar da na raina ma a tsaye take shan shayi. Ban ga laifinta ba, amma na manta rabon da ta tambaye ni yadda na kwana ta tsaya ta ji amsa."

Mayaƙiya ta karɓi makinta ta wuce. Na bayanta ya taɓa, tsohon ya sake daga farko.

Kunne ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta fara lalubar wayarta tana cewa yanzu za ta kira Manaja, wallahi sai sun cire, wannan ai cin mutunci ne, ba su da izinin ɗaukar maganar mutum su ƙirƙiro masa abin da bai faɗa ba.

Kawu ya juyo ya dube ta sosai.

"Abin da ban faɗa ba?"

Ta sauke wayar. A allo tsohon ya shiga zagaye na huɗu.

"Shafi na biyu ne," in ji Kawu a hankali. "Ba don su na rubuta shi ba, 'yar nan. Na san ta hannunki takardar za ta bi."