Hanyar Kasuwar da Ruwa Ya Ci

Sunana Ilyasu, direba ne ni a Maitama, amma ba a mota aka haife ni ba. Basarke ne ni daga Yawuri, ɗan masunta, na iya riƙe filafili tun kafin in iya ɗaura wando. Wannan maganar na sha faɗa wa maigidana, Oga Tawfiq, darakta a wata ma'aikatar tarayya, duk lokacin da muka wuce gefen tafkin Jabi. Bakina ne ya jawo mini.

A shekarun nan ne da farar hula suka zauna daram, kuɗi na yawo a Abuja, kowa ya rataya salula. Oga ya je kwas ƙasar waje, ya dawo da sabuwar sha'awa. Wai can mutane na shiga kwalekwale su yi kwanaki a daji suna kwana a tanti. Wata Asabar ya kira ni falo, ya shimfiɗa taswira a tebur. Wani dam ne, tafiyar awa biyu daga gari, inda ruwa ya taru tsakanin duwatsu ya zama tafki uku, kowanne da mashigi zuwa na gaba. Ya ɗauki rula da jan biro ya ja layi miƙaƙƙe ta tsakiyarsu.

"Kwana uku," in ji shi. "Ni da kai da Nazeefa da Sumayyah. Ai kai ne Basarken. Za ka kai mini 'ya'yana ka dawo da su?"

Na ce, "Zan kai su, zan dawo da su."

Sai da na fito na tuna Sumayyah shekararta tara, kuma ko a baho ba ta taɓa nutsa kanta ba. Na koma na ce ba wanda zai shiga sai na je na ga ruwan da idona. Ya ba ni kwana biyu.

A bakin dam ɗin akwai wani sabon ƙauye na Gbagyi, waɗanda aka taso da za a tare ruwa. Can na sami hayar kwalekwale wurin wani dattijo, Yamusa. Na tambaye shi sana'arsa, ya ce doya yake nomawa, kwalekwalen na ƙaninsa ne. Ya ce zai raka ni.

Na ce, "Baba, ka iya tuƙi?"

"Ban iya ba."

"Iyo fa?"

"Ban iya ba."

"To kaya ne kai. Zauna gida."

Matarsa Margaret tana ɓare gyaɗa a ƙofa, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "In bai shiga ba, kwalekwale ba ya fita." Haka na ɗauke shi, ya zauna a gaba ya riƙe katako da hannu biyu kamar wanda aka ɗora a jaki.

Ruwan kwance yake lumui, duwatsu sun kifa a cikinsa, belbela na bin gefe. Wuri ne mai kyau, ba ƙarya. Na saita hancin kwalekwale kan layin Oga na fara tuƙi. Yamusa ya ce, "Direba, ka bi hagu. Hanya ya bi can."

Na ce, "Wace hanya? Ruwa ba shi da titi."

"Ka bi hagu dai."

"Baba, ni a Kwara na koyi tuƙi, kogin da ke cinye jirgin ƙarfe. Manomi ba zai koya wa Basarke ruwa ba."

Na ci gaba da bin layin Oga. Ko minti goma ba mu yi ba na ji ƙarar da duk ɗan ruwa ya tsana. Kwalekwale ya hau wani abu ya tsaya, ya karkata, katakon ƙasa ya tsage, ruwa ya fara tsartuwa tsakanin ƙafafuna. Na tuɓe riga na cusa a tsagar, na dafa gora na turo mu baya da ƙyar. Da na leƙa sai ga kan itace, baƙi, mai tsini, bai fi taƙi ɗaya ƙarƙashin ruwa ba. Gefensa wani, gaba wani.

Yamusa ya leƙa shi ma, ya ce, "Ɗorawar babana ne. Gaba akwai kaɗanya bakwai, na Zacharias maƙwabcinmu."

Nan na gane kuskurena. Kogi na sani, mai gudu, wanda ke nuna maka abin da ke ƙasansa da yadda yake murɗawa. Wannan ruwan tsaye yake, ba ya gaya wa kowa komai. Daji ne da gonaki aka rufe da ruwa, itatuwan suna nan tsaye a mace. A raina na ga Sumayyah zaune a inda ƙafafuna suke.

Na ce, "Baba, ina hanyar?"

"Au, yanzu ruwa yana da titi?"

"Na ji. Ka rama. Ina take?"

Ashe tsohuwar hanyar kasuwarsu yake nufi, wadda motar doya ke bi kafin a yi dam. Inda hanya ta bi ba itace. Shekara arba'in yana taka ta da ƙafa. Yana duban duwatsu yana cewa, nan ka saita wancan dutsen mai kamar tulu, nan ne gadar katako, ka karya dama, nan filin ƙwallon makaranta ne, tuƙa yadda kake so. Ni da ban wuce aji uku ba na riƙa zana layin a kan taswirar Oga da fensir. Kwana biyu muka yi muna wannan aiki, bayan mun toshe tsagar da kwalta. Muka zaɓi wuraren kwana biyu, masu tudu da inuwa. Na biyun Yamusa ne ya roƙa. Tudun da ke bayan tsohon ƙauyensu ne, abin da ruwa ya rage musu kenan.

Na koma Maitama da taswira da guntun katakon da ya ɓalle. Oga ya dubi layina, ya murɗe kamar hanjin kaza, ya ɓata rai.

"Wannan ai ya ninka tafiyar. Injiniyoyi ne suka yi taswirar nan, Ilyasu. Ta nuna ruwa mai zurfi."

Na ce, "Ta nuna zurfi, ba ta nuna ɗorawa ba." Na ajiye katakon kan jan layinsa, na ajiye makullin mota kusa da shi. "In layinka za a bi, ka nemi wani direban da wani Basarken. In nawa ne, da tsoho za mu tafi, shi ne a gaba."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ina da 'ya'ya biyar a Durumi, na san abin da na ajiye a teburin nan. Hajiya A'isha, uwar yaran, ta taso ta ɗauki katakon, ta juya shi, ta sa yatsa a tsagar. Sai ta ɗauki makullin ta miƙo mini.

Ta ce wa mijinta, "Ka ba shi biron ma."

Da hutun makaranta muka tafi, kwalekwale biyu, kowa da rigar ruwa mai hana nutsewa, har Yamusa, wanda ya ɗaure tasa kamar za a ƙwace. Oga na bin bayana daidai-daidai, ko taƙi bai kauce ba. Yaran suka maƙale wa tsoho, yana nuna musu ruwa yana cewa nan ake sayar da barkono, nan ya fara ganin Margaret ta ɗauko itace a kafaɗa. Nazeefa na leƙawa wai ko za ta hango kasuwar. A tudunsu ya ɗan ware shi kaɗai ya zauna, ba wanda ya dame shi.

Rana ta uku da la'asar hancin kwalekwale ya taɓa tabon bakin gaɓa. Na ɗaga Sumayyah na dire ta a ƙasa, Nazeefa ta diro da kanta. Hajiya na tsaye jikin mota. Na ce, "Ga su nan, biyu kika ba ni." Sai na zauna cikin tabon da wandona da komai, ina ta alhamdulillahi.

Yamusa ya zo ya tsaya kaina, har yanzu bai kwance rigar ruwan ba.

"Basarke," in ji shi, "tashi. Kayanka ya iso lafiya."