Jikar da Ba Ta Ɗaga Ido

...kuma kujerar ma ta yara ce. Gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Roba da ƙarfe, ko ƙusa ɗaya babu. Shi da ya ƙarar da ƙarfinsa a aikin kafinta, yau ga abin da aka ba shi ya zauna a kai. To. Baƙo ai abin da aka miƙo masa yake karɓa.

'Yarsa tana ciki. Daga asibiti ta wuto, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ita da shugabar makaranta da malamar aji, sun rufe ƙofa. Ta gilashi yana hango bakuna suna motsi. Ko an buɗe ma, me zai ji? Harshen mutanen nan har yau bai wuce gaisuwa da godiya a bakinsa ba.

Jikar tana gefensa, tana lilo da ƙafa. A kanta ake zaman. Wai ba ta magana a aji. Wai ba ta kallon mutum. Wai in malama ta kira sunanta sai ta sunkuye, ta yi tsit kamar ruwa ya ci ta. Wai akwai abin da ke damunta a kai... A kai! Wannan? Wannan da ke cika masa kunne tun safe kamar rediyo mai sabon batir?

"Tsoho, cikinka ne ke ƙugi ko mota ce?"

"Ja'ira. Na sake ki, je ki gidanku."

"Dama wa ke son miji ba haƙora?"

Ga ta nan. Su zo su ji mana. Amma ina, a gabansu ba za ta yi ba.

Makarantar da suke so a mayar da ita, can ƙarshen gari take, ta yaran da ke da matsala. Mota ce za ta ɗauke ta da duhu, ta dawo da ita da duhu. Uban kuwa, surukinsa, yana kan hanya da babbar motarsa, ta waya yake yanke hukunci: ba za a liƙa wa 'yarsa tabo ba, a mayar da ita gida wurin yayarsa, a sa ta makarantar kwana. Yarinyar da har yanzu ba ta gama famfara ba — ta kwana! Ta masu kuɗin nan da ke bayan asibiti, ita ko zancenta ba a ɗauko ba. Ko wacce aka zaɓa, shi dai an gama da shi. Aikinsa ɗaya a ƙasar nan: ya riƙe jaka ya kai ta, ya tsaya bakin ƙofa ya ɗauko ta. In aka cire wannan, saura me? Ɗaki. Taga. Bangon maƙwabci.

Ranar farko... ya durƙusa yana ɗaure mata igiyar takalmi, yara na ta wucewa suna kiran malamai da sunansu gatsal, wani har yana rataya a hannun malama. Ya ja ta kusa, ya ce mata: Ki ji da kyau, malama ba kakanki ba ce. Ba a kallon malami cikin ido. In yana magana, ki yi shiru. In ya yi tambaya, kada ki yi saurin amsawa kamar kin fi shi sani. Kullum sai ya maimaita, daidai wurin fitilar tsallaka titi. Kullum.

Laifi ne? Haka aka yi su. Aji uku kawai ya yi, amma ya fito da ladabi. Ya ɗago ne don ya ga harafin da ke allo, saitin kan malam — ni kake kallo? — har gobe in sanyi ya yi kunnen hagun nan yana masa ƙara. Da haka aka zama mutane. Ba da haka ba ne?

Tana fitowa da gudu, jaka na dukan bayanta: Tsoho, yau ko sau ɗaya ban kalle ta ba! Ya shafa kanta. Ya saya mata alewa a shagon kwana. Alewa...

A'a. Yaro bai lalacewa don ya yi ladabi. Su ne ba su san tarbiyya ba. Su ne...

Makon jiya a kicin, 'yarsa ta ajiye masa kofin shayi. Baba, dama... Ya jira. Idonta a kan tayil. Ba komai, Baba, shayinka zai huce. Ta sani ke nan? Tun yaushe? Ba za ta faɗa masa ba, shi ya koya mata hakan, da bakinsa, da hannunsa ma. Su ma na cikin ba za ta faɗa musu ba. Ta zauna gaban bare ta ce ubana ne? Gara a ce 'yarta ce ba ta da lafiya. Gara a sa yarinyar a jirgi.

Shi zai faɗa. Da wane baki? Ya ce da ita ta fassara, ta tsaya tana juya laifin ubanta zuwa wani harshe, kalma bayan kalma?

Ƙofa tana buɗewa. 'Yarsa a baya, idanunta sun yi ja. Malamar ce a gaba, matashiya ce ma, ta tsuguna, tana kiran sunan jikar a hankali. Ƙafafun sun daina lilo. Kai ya yi ƙasa. Ta gefen ido take leƙensa — ka gani, Tsoho? Ka ga na iya?

Ɗago kanki. Dube ta. Kalma huɗu ce kawai ya kamata ya faɗa, a harshensu, ba mai jin su sai su uku...

Yanzu shi malamar ta juyo wa. Magana mai tsawo, ƙarshenta ya yi sama, tambaya ce. Tana jira. Duk suna jira. Takalminta baƙi ne, bakinsa ya ɗan goge, igiyar ɗaya ta fi ɗaya tsawo...

Tun yaushe yake kallon takalmin nan?