Kwamfutar da Ta Riƙe Hamma Cindo

Shekarar da fari ya cinye mana ciyawa a Sule Tankarkar, Bappa Ilu ya ce zai kora shanunsa kudu. Shi ya riƙe mu, ni da yayana Cindo da nake kira Hamma, tun rasuwar babanmu. Abu ɗaya ya tsayar da shi: yana son ganin Cindo kafin ya tashi.

Cindo kuwa yana can birni, a jami'a, yana yi wa wata ƙatuwar na'ura hidima, wai kwamfuta. Aka aika masa, ya ce yana tafe ran kasuwar Maigatari. Motocin kasuwa suka zo suka wuce, babu shi. Kullum tsohon nan sai ya je bakin titin Gumel ya tsaya, shanu suna ta ramewa. Da karsana ta biyu ta faɗi, ya naɗe tabarmarsa.

Sai bayan sun tafi ga gogan naka da jaka a kafaɗa. Ko ruwa ban ba shi ba.

"Hamma, me ya riƙe ka?"

"Rabi, aikina ne ya watse. Umarnin da nake rubuta wa na'urar, ba duka nake ƙirƙira ba. Wasu guntaye na ɗinke su a cikin nawa tun farko, wasu kuma sai ana cikin aiki take ɗauko su daga ma'ajiyarta. Kamar ka tafi da furarka, ka dogara da nonon masauki."

"To, sai aka yi yaya?"

"Aka sabunta na ma'ajiyar ban sani ba. Tsohon da na ɗinka da sabon suka ƙi jituwa. Aikin kuwa na sakamakon jarrabawar ɗalibai ne, aka ce ba inda za ni sai na warware na sake haɗawa."

Kai, jama'a! Wai guntaye sun ƙi jituwa! Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na ga ba ni yake kallo ba. Wurin da ake ɗaure maruƙa yake kallo, babu komai sai turaku. Ya je ya tsuguna. Wallahi tausayinsa ya kama ni, kewar Bappa kuma ta taso mini sabuwa.

"Ya bar mini sallahu?"

Na so in ƙirƙiro masa wani abu, na kasa.

"Bai ce komai ba, Hamma. Amma ran tafiyar, duk motar da ya ji a hanya, sai ya tsayar da shanun."